Hoton biki: Shin dole ne sai da kyamara mai babbar sensa?

A duk lokacin da aka shiga kakar bukukuwan aure a biranen arewacin Najeriya da kudancin Nijar, musamman gabanin azumin watan Ramadan da kuma ƙarshen shekara, masu sana'ar ɗaukar hoto kan tsunduma cikin wata muhawara wadda galibin anguna da amare ba su ma san ana yin ta ba.

Muhawarar dai ita ce: shin ya dace mai hoto ya karɓi aikin biki da kyamara mai ƙaramar sensa, wadda 'yan sana'ar ke kira kurof, ko kuwa wajibi ne sai ya mallaki mai babbar sensa, wato ful-firem?

Batun yana da nauyi ga ɓangarorin biyu. Matashin da ya shiga sana'ar kan iya cin bashin miliyoyin naira domin sayen kyamarar da yake ganin za ta sa a ɗauke shi da daraja.

Su kuwa masu biki, sau ɗaya ake ɗaura aure, sau ɗaya ake kamu, kuma idan hoto ya lalace ba a sake tara jama'a domin a maimaita.

Bambancin da ke tsakanin kyamarorin biyu gaskiya ne, to amma yana da iyaka, ana kuma iya auna shi da alƙaluma.

Mece ce sensa?

Sensa wani ɗan faranti ne da aka yi da sinadarin silikon, wanda ke zaune a cikin kyamara daidai bayan gilashinta, wato a gurbin da ake sa fim a zamanin da.

A fuskar farantin akwai miliyoyin ƙananan ɗigo, kowane ɗaya yana auna yawan hasken da ya faɗo masa. Ɗigo miliyan ɗaya shi ake kira megafiksel ɗaya.

Babbar sensa tana da faɗin milimita 36 da tsayin milimita 24.

Ƙaramar kuwa, wadda kamfanoni ke kira APS-C, ta kai kimanin milimita 23.5 da 15.6 a kyamarorin Nikon da Sony da Fujifilm, yayin da ta kamfanin Canon ta ɗan fi ƙanƙanta, wato kimanin milimita 22 da 15.

Idan aka lissafa filin da kowacce ta mamaye, babbar tana da murabba'in milimita 864, ƙaramar kuma tsakanin 330 da 370. Ke nan babbar ta ninka ƙaramar kusan sau biyu da rabi.

Daga wannan alƙalami guda ne sauran bambance-bambancen suka samo asali.

Asalin sunan 'cikakkiya'

Ma'anar ful-firem a Turance ita ce cikakken fili, kuma sunan da kansa yana sa mai saye ya ji kamar ɗayar ragaggiya ce. Sai dai tarihi ya nuna wani abu dabam.

Wani injiniya Bajamushe mai suna Oskar Barnack, wanda ke aiki a kamfanin Leitz da ke garin Wetzlar, shi ne ya yaɗa wannan ma'auni na milimita 36 da 24.

Ya ɗauki fim ɗin da ake ɗaukar sinima da shi, ya ninka filin kowane hoto sau biyu, ya ƙera wata 'yar kyamara da za ta shiga aljihun kwat. An fara sayar da ita a shekara ta 1925 da sunan Leica.

A wancan lokaci Jamusawa sun raɗa wa wannan ma'auni sunan ƙaramin hoto, saboda kyamarorin ƙwararru na amfani da nagatif mai girma ƙwarai.

Har zuwa shekarun 1990, manyan masu ɗaukar hoton biki a Turai da Amurka sun fi dogaro da kyamarori irin su Hasselblad da Mamiya da Bronica. Nagatif ɗin Hasselblad na milimita 56 da 56 ya ninka na Barnack fiye da sau uku da rabi.

Wato ke nan, abin da ake kira cikakke a yau shi ne aka taɓa rainawa da cewa ya yi ƙanƙanta ga aikin biki.

Shi kuwa sunan APS-C ya fito ne daga wani nau'in fim da kamfanonin Kodak da Fujifilm da Canon da Nikon da Minolta suka haɗu suka fitar a shekara ta 1996. Fim ɗin bai yi kasuwa sosai ba, an kuma daina yin sa a shekara ta 2011, amma sunan ya ci gaba da rayuwa a jikin sensa.

Dalilin tsadar babbar sensa

Lokacin da aka fara barin fim aka koma dijital, ƙaramar sensa ce ta fara shiga hannun ƙwararru.

Kyamarar Nikon D1 ta shekara ta 1999, wadda ta sauya aikin 'yan jarida masu ɗaukar hoto, ƙaramar sensa gare ta, kuma megafiksel ɗinta bai kai uku ba.

Dalilin dai na masana'anta ne. Ana yanko sensa ne daga wani faifan silikon mai da'ira. Idan sensar babba ce, kaɗan za a samu daga kowane faifai, sannan ɗigon aibi guda kan iya lalata sensa sukutum.

Bugu da ƙari, injin da ke zana hanyoyin lantarki a kan faifan ba ya iya wuce filin milimita 26 da 33 a zane guda, saboda haka sai an yi wa babbar sensa zane fiye da ɗaya an haɗa.

Wannan ne ya sa a shekara ta 2002 kamfanin Canon ya fitar da EOS-1Ds mai babbar sensa a kan kusan dalar Amurka 8,000, alhali a shekarar da ta biyo baya ya fitar da EOS 300D mai ƙaramar sensa a kan ƙasa da dala 1,000.

Sai a shekara ta 2005 da aka fitar da EOS 5D a kan kimanin dala 3,300 ne babbar sensa ta fara yaɗuwa a tsakanin masu hoton biki. Kamfanin Nikon kuwa bai fitar da tasa ta farko ba sai a shekara ta 2007, da kyamarar D3.

Hakan na nufin cewa shekara da shekaru ƙwararrun da ke amfani da Nikon sun ɗauki bukukuwa da ƙaramar sensa, an kuma biya su kuɗinsu ba tare da ƙorafi ba.

Har ila yau kamfanin Fujifilm, wanda ƙwararru da dama ke aiki da kayansa, ya tsallake wannan ma'auni na Barnack baki ɗaya. Kyamarorinsa na jerin X masu sauya gilashi ƙaramar sensa gare su, na jerin GFX kuma sensarsu ta fi ful-firem girma.

Faɗin abin da kyamara ke gani

Bambanci na farko da mai hoto zai ci karo da shi shi ne faɗin abin da ke shiga cikin hoto.

Gilashin kyamara yana jefa hoto mai da'ira a bayansa. Babbar sensa tana kama mafi yawan da'irar, ƙaramar kuma tsakiya kawai take kamawa, kamar an bi hoton da almakashi an yanke gefuna. Daga nan aka sami sunan kurof, wato yankewa.

A kan auna gilashi da milimita: idan lambar ƙarama ce yana ganin fili mai faɗi, idan babba ce yana jawo abin da ke nesa.

Domin sanin yadda gilashi zai yi aiki a kan ƙaramar sensa, sai a ninka lambarsa da 1.5 a kyamarorin Nikon da Sony da Fujifilm, ko kuma 1.6 a na Canon. Gilashi mai milimita 50 zai ga abin da mai milimita 75 ko 80 ke gani a kan babbar sensa.

A ɗakin amarya wannan lissafi yana da tasiri. Mai hoton da ya tsaya nisan mita huɗu da gilashin milimita 50 zai kama faɗin kusan mita uku da babbar sensa, amma da ƙaramar Canon ba zai kai mita biyu ba.

Idan ƙawayen amarya sun jeru, sai ya ja da baya har fiye da mita shida, kuma a galibin ɗakuna bango zai tare shi kafin nan.

Maganin matsalar dai yana wurin gilashi. Wanda aka ƙera domin ƙaramar sensa, mai farawa daga milimita 17, zai kama faɗin fiye da mita biyar daga wannan wuri guda.

A wurin ɗaurin aure kuwa lamarin kan juya. Inda jama'a suka cika masallaci ko ƙofar gida, kuma ladabi bai bar mai hoto ya ratsa manya ya tsaya a kan waliyyai ba, gilashin milimita 200 a kan ƙaramar sensa zai jawo masa fuskoki tamkar mai milimita 300 ko 320.

Zauren dina da ƙarancin haske

Inda babbar sensa ta fi nuna fifikonta shi ne wurin da haske ya yi ƙaranci, kamar zauren dina da dare, ko tsakar gida lokacin kai amarya.

Ana iya kwatanta lamarin da wanda ya ajiye kwano da daro a tsakar gida ana ruwan sama. Zurfin ruwan da zai taru a cikinsu ɗaya ne, amma daron ya fi tara ruwa mai yawa.

Haka ma idan aka saita kyamarorin biyu iri ɗaya, hotunansu za su fito da haske daidai da juna, sai dai babbar ta tara haske ninki biyu da wani abu, saboda haka hotonta ya fi tsabta.

Idan wuri ya yi duhu mai hoto kan ɗaga wata lamba da ake kira ISO, kuma gwargwadon ɗaga ta gwargwadon yadda wani yashi-yashi ke bayyana a fuskar hoton.

A tsakanin kyamarori biyu 'yan zamani ɗaya, yashin da ƙaramar sensa za ta nuna a ISO 3200 shi ne kusan wanda babbar za ta nuna a tsakanin 6400 da 8000. 'Yan sana'ar kan ce tazarar mataki ɗaya ce da ɗan ɗoriya.

To amma akwai hanyoyin cike wannan giɓi. Ƙofar da haske ke bi a cikin gilashi ana auna ta da lambar f, kuma idan lambar ta yi ƙasa ƙofar ta fi buɗewa.

Gilashin da ake haɗo kyamara da shi daga shago galibi yana rufewa har zuwa f/5.6 idan an jawo abu. Gilashi mai f/1.8 kuwa yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan.

Ke nan sauya gilashi kaɗai kan kawo ribar da ta ninka ta sauya sensa har sau huɗu. A shekara ta 2013 kamfanin Sigma ya fitar da gilashi mai zuƙowa daga milimita 18 zuwa 35 wanda ke tsayawa a f/1.8, an kuma ƙera shi ne musamman domin ƙaramar sensa.

Hanya ta biyu ita ce fitilar walƙiya, wadda aka fi sani da filash. Wanda ya iya harba haskenta zuwa silin ko bango ya dawo a tausashe, ko ya kafa fitilu biyu a kusurwoyin zaure, ba ya bukatar ɗaga ISO sosai.

Marigayi Malick Sidibé na ƙasar Mali ya ɗauki hotunan shagulgulan dare na matasan Bamako a shekarun 1960 da 'yar kyamara da filash, kuma waɗannan hotuna na cikin ayyukan da suka kai shi ga samun kyautar Zakin Zinare a bikin fasaha na birnin Venis a shekara ta 2007.

Hanya ta uku kuma ita ce manhajar kwamfuta. A shekara ta 2023 kamfanin Adobe ya ƙara wa manhajarsa ta Lightroom wata dabarar share yashin hoto da ƙirƙirarriyar basira, abin da ya ƙara rage tazarar.

Akwai kuma wata matsalar zaure da ba ta san girman sensa ba. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa guda, don haka fitilu da dama kan yi ƙiftawa sau 100 ba tare da ido ya gani ba.

Idan kyamara ta ɗauki hoto da sauri fiye da haka, sai layuka ko bambancin launi su fito. Akan kauce wa hakan ta hanyar saita saurin ɗauka a kashi ɗaya cikin 100 ko cikin 50 na daƙiƙa.

Dusashewar baya

Abu na uku shi ne irin hoton nan da amarya ke fitowa tar, bayanta kuma ya dusashe kamar hazo. Amare da yawa wannan suke kira hoto mai tsada.

Babbar sensa ta fi saurin samar da shi. Gilashi mai f/1.8 a kan ƙaramar sensa yana ba da dusashewar da ta yi kusa da ta f/2.8 a kan babbar, idan an daidaita faɗin hoton.

Duk wanda burinsa shi ne ya kai ƙarshen wannan salo, to babu makawa babbar sensa ce za ta kai shi.

Sai dai kuma bikin Bahaushe biki ne na taro. Dangin ango, dangin amarya, abokai da ƙawaye cikin anko, kowa yana son ya ga fuskarsa, kuma galibi layi biyu ko uku ake yi.

A irin wannan hoto dusashewa illa ce, domin idan na gaba suka fito tar, na baya za su yi hazo. Dole mai babbar sensa ya tsuke ƙofar gilashinsa zuwa wajen f/6.3, alhali mai ƙaramar zai sami zurfi iri ɗaya a f/4.

Da zarar mai babbar sensa ya tsuke ƙofar, ya rage hasken da ke shiga, kuma ribar nan ta mataki ɗaya da yake taƙama da ita ta tafi ke nan. A hoton taro, kyamarorin biyu kan tashi kunnen doki.

Farar riga a tsakar rana

Galibin ɗaurin aure da rana ake yin sa, bayan sallar Juma'a ko da hantsin Asabar, lokacin da haske ya wadata har ya yi yawa.

Ƙalubalen a nan shi ne farar babbar riga ta shadda mai ƙyalli, da baƙar fuska a ƙarƙashin inuwar hula ko rawani. Idan aka bi rigar fuska ta yi duhu, idan aka bi fuska aikin rigar ya ɓace.

Babbar sensa tana da ɗan fifiko wajen riƙe fari da baƙi a hoto guda, amma abin da ya fi tasiri shi ne mai hoton ya ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto wanda ke adana duk bayanan da sensa ta tara, sannan ya haska inuwar fuska da filash mai sauƙi.

Fitar da launin baƙar fata yadda yake tsohuwar matsala ce a wannan sana'a. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, domin su daidaita launi da shi.

Sai a tsakiyar shekarun 1990 ne kamfanin ya fitar da kati mai ɗauke da mata masu launin fata dabam-dabam.

A yau wannan aiki ya koma hannun wanda ke gyara hoton a kwamfuta. Amaryar da aka mayar fara sol har danginta suka kasa gane ta, ba sensa ce ta yi mata haka ba.

Batun kuɗi

Kayan hoto daga waje ake shigo da su, da kuɗin waje kuma ake biya.

Kafin watan Yunin shekara ta 2023, ana canza dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa mara, farashin ya haura naira 1,500 a cikin shekara ta 2024.

Da wannan lissafi, kyamarar dala 1,500 ta tashi daga kimanin naira dubu 690 zuwa fiye da miliyan biyu.

Kuma jikin kyamara somin taɓi ne kawai, domin gilashin babbar sensa ya fi girma da nauyi da tsada.

Gilashin Canon mai milimita 24 zuwa 70 da f/2.8, wanda ya fito a shekara ta 2019 domin sabbin kyamarorinsa marasa madubi, an sa masa kimanin dala 2,300, nauyinsa kuma giram 900.

Na kamfanin Sigma mai milimita 18 zuwa 50 da f/2.8, wanda ya fito a shekara ta 2021 domin ƙaramar sensa, kimanin dala 550 aka sa masa, nauyinsa bai kai giram 300 ba.

Gilasan biyu ba tsara ba ne ta fuskar ƙarko da tara haske, amma kusan faɗi ɗaya suke gani. Ga wanda zai wuni a tsaye daga sa lalle har zuwa buɗar kai, nauyin da ke rataye a wuyansa ma abin lissafi ne.

Masu goyon bayan babbar sensa dai kan kafa hujja da cewa araha ba ta ado, kuma masu biki na manyan zaurukan Abuja da Kano da Kaduna kan kalli abin da ke hannun mai hoto kafin su amince da farashinsa.

Ɗaya ɓangaren kuma na ganin kuɗin da za a zuba a kyamara guda mai tsada ya isa a sayi ƙanana biyu, da gilashi mai kyau, da filash, da batura.

Haɗarin da ya fi yashi

Wannan batu na kyamara biyu yana da muhimmanci, domin abin da ke haddasa rigima tsakanin mai hoto da masu biki galibi ɓacewar hotuna ne ko mutuwar na'ura ana tsaka da hidima.

Katin memori kan lalace ba tare da sanarwa ba. Saboda haka ne aka ƙera wasu kyamarori da gurbin kati biyu, ta yadda kowane hoto zai sauka a wurare biyu a lokaci guda.

Girman sensa ba shi ke tabbatar da wannan ba. A shekara ta 2018, lokacin da Canon ya fitar da EOS R, Nikon kuma ya fitar da Z6 da Z7, dukkansu masu babbar sensa, masu hoton biki sun yi ta sukar su saboda gurbin kati ɗaya ne da su.

Alhali kuwa Nikon D7000 ta shekara ta 2010, da Canon 7D Mark II ta 2014, da Fujifilm X-T2 ta 2016, duk masu ƙaramar sensa ne kuma gurbi biyu gare su.

Wani misali mai fito da zaɓin fili shi ne na kyamarori biyu na Canon da suka fito a kan farashi ɗaya, wato kimanin dala 1,500.

EOS R7 ta shekara ta 2022 ƙaramar sensa gare ta, amma tana da gurbin kati biyu, da batir mai girma, da na'urar rage girgizar hannu a jikinta.

EOS R8 ta shekara ta 2023 kuwa babbar sensa gare ta, amma gurbin kati ɗaya, da ƙaramin batir, kuma babu na'urar rage girgiza a jikinta.

Ta biyun ta fi tsabtar hoto a cikin duhu. Ta farkon ta fi ba da kariya idan kati ya ci amana.

Riƙe kyamara biyu yana da wani amfanin a lokacin hunturu. Duk sauya gilashi a cikin ƙurar harmatan yana buɗe wa ƙura hanya zuwa sensa, kuma ƙwayar ƙura guda kan bar tabo a ɗaruruwan hotuna. Mai kyamara biyu, ɗaya da gilashi mai faɗi ɗaya da mai jawowa, ba ya bukatar buɗe ko ɗaya.

Tsohuwar babba ko sabuwar ƙarama?

Akwai hanya ta uku da matasa da dama ke bi, wato sayen babbar sensa ta hannu.

Tun da manyan kamfanoni suka karkata ga kyamarori marasa madubi, farashin tsofaffi irin su Canon 6D da 5D Mark III na shekara ta 2012, da Nikon D750 ta 2014, ya sauko.

Har yanzu suna fitar da hoto mai kyau, sai dai ba su da dabarar bin idon mutum da kansu kamar sabbin, dabarar da ke taimakawa ainun idan amarya na tafiya a cikin masu liƙi.

Kazalika labulen da ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka yana da wa'adi. An ƙiyasta na 6D a kan ɗauka dubu 100, na 5D Mark III da D750 kuma dubu 150.

Idan biki guda yana cin ɗauka dubu biyu, to bukukuwa 50 sun isa su cinye wa'adin na farkon. Ana iya duba yawan ɗaukar da kyamara ta yi kafin a biya kuɗinta, kuma rigakafi ya fi magani.

Inda hoton ke ƙarewa

A ƙarshe hoton biki wurare uku yake zuwa: albam, da bangon falo, da kuma wayar salula.

Domin wanke hoto mai inci 8 da 12 a mafi kyawun inganci, wato ɗigo 300 a kowane inci, ana bukatar ƙasa da megafiksel 9.

Galibin ƙananan sensa na wannan zamani suna da megafiksel 24 ko fiye, wanda ya isa a wanke hoto mai inci 20 da 13 a wannan inganci. Fujifilm X-T5 ta shekara ta 2022 ma 40 gare ta.

Hoton bango mai girma kuwa daga nesa ake kallon sa, saboda haka ba ya bukatar ɗigo masu yawa haka.

Dandalin Instagram ya shafe shekaru yana rage faɗin hoto zuwa ɗigo 1080, WhatsApp kuma yana matse hoto kafin ya aika. Bayan irin wannan matsa, da wuya ko ƙwararre ya iya tantance wace sensa ce ta ɗauki hoton da aka yi da rana ko da filash.

Abin da masu biki za su tambaya

Ga iyalin da ke neman mai hoto, sunan kyamara ba zai gaya masu abu mai yawa ba. Akwai tambayoyin da suka fi shi amfani.

Na farko, a nemi ganin hotunan biki guda cikakke tun daga farko har ƙarshe, har da na dare, maimakon 'yan zaɓaɓɓun da ya baje a shafinsa na intanet.

Na biyu, a tambaye shi ko yana zuwa da kyamara ta biyu, ko tasa tana da gurbin kati biyu, da kuma inda yake adana hotuna bayan an tashi.

Na uku, a ji ko yana da fitilun da zai haska wuri idan wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareta.

Na huɗu, a daidaita tun da wuri a kan wuraren da ba a yarda namiji ya shiga ba, domin a tanadi mace mai ɗaukar hoto, sannan a fayyace ko an amince ya wallafa hotunan amarya ko ba a amince ba.

Shi kuwa mai hoton, babbar sensa za ta yi masa rana idan yawancin aikinsa a zauruka masu duhu ne inda ba a son walƙiyar filash, ko kuma idan kasuwarsa ta kai ya mallaki biyu tare da gilasansu ba tare da bashi ba.

Kafin ya kai wannan matsayi, ƙaramar sensa mai gurbin kati biyu, da gilashi mai buɗaɗɗiyar ƙofa, da filash da ya ƙware a kai, sun isa su fitar da shi kunyar masu biki. Kamar yadda Hausawa kan ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.